Daga Karatu Zuwa Tuƙa: Matsayin Binciken Littafi Mai Tsarki a Rayuwar Kiristocin Samaru da Sabon Garin Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da binciken Littafi Mai Tsarki yake yi wa ruhun mai bi, ta kuma ɗauki Samaru da Sabon Garin Zariya a matsayin fagen nazarinta. Ta bi sawun yadda Littafin ya shigo harshen Hausa, da yadda jama'ar Kirista ta ƙasar Zazzau ta tsiro daga zaman karatu, sannan ta auna irin karatun da muke yi a yau. Ra'ayin da ta tsaya a kai shi ne, Littafin yana gyara halin mutum ne idan an karanta shi a tsanake, da tsawonsa, cikin harshen da zuciya ke ji, kuma tare da 'yan'uwa. An gina ta a kan sanannen tarihi da kuma abin da mai maƙalar ya gani da idonsa a azuzuwan bincike.

Gabatarwa



Duk wanda ya tsaya a bakin titin Sakkwato a Samaru da safiyar Lahadi zai ga abin da nake gani kowane mako. Mutane sun caɓa ado sun nufi sujada, wannan ya rungume Littafi a hammata, wannan ta saka nata a jaka, matasa kuwa nasu yana cikin waya. Haka abin yake a Sabon Gari, inda wani layin ma sai ka ƙirga majami'a uku kafin ka kai ƙarshensa. Ba a taɓa samun zamanin da Littafi Mai Tsarki ya wadata a hannun Kiristocin Zariya kamar yanzu ba. Tambayar da ta hana ni sakat ita ce: tsakanin wancan Lahadi da wannan, sau nawa aka buɗe shi, kuma da aka buɗe me aka yi da shi?

Da gangan na zaɓi kalmar tuƙa. Saniya takan yini tana kiwo, amma sai ta kwanta a inuwa ta dawo da ciyawar baki tana taunawa sannu a hankali kafin ta zama jini da nono. Sufayen Kirista na Turai a ƙarni na 12 da wannan hoton suke bayyana karatunsu, mu kuwa da muke maƙwabtaka da rugage ba ma bukatar a fassara mana shi.

Jama'ar da karatu ya haifa

Aikin sa Littafi Mai Tsarki cikin Hausa ya girmi zuwan Turawan mulki. James Frederick Schön, Bajamushen da ya yi tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, shi ya fara. Ya fitar da Bisharar Matiyu a 1857, Sabon Alkawari kuma ya kammala a 1880. A Ingila ya yi yawancin aikin, yana tatsar Hausa daga bakin Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da matafiyin nan Heinrich Barth ya tafi da shi can. Ke nan tun farko bakin Bahaushe yana cikin aikin, ko da yake ba sunansa ne a bangon littafin ba.

Wanda ya kai aikin gaci shi ne Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus, ya shigo ƙasar nan a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, ya zauna a Girku, sannan ya samu wuri a cikin birnin Zariya a 1905, a Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa irin ginin Hausa. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, aikin Miller da abokansa na mishan ɗin SIM da SUM da Hausawan da suka zauna da shi shekara da shekaru suna tankaɗe kalmomi. Sabuwar fassara ta biyo baya a 1979. Har gobe akwai tsofaffin da ba su yarda sun saki ta 1932 ba, domin da ita suka haddace ayoyinsu, kuma Yohanna suka sani, Yahaya bai zauna musu a baki ba.

Amma akwai wani reshen tarihin da ya fi taɓa ni. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya sa ya ba Annabi Isa matsayi na musamman a koyarwarsa. An kashe shi a Kano, almajiransa suka watsu, wasu suka nufi ƙasar Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. Su ake kira Isawa. A 1913 wasu daga cikinsu suka haɗu da Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya yi wa ƙauyen mummunar ɓarna, 'ya'yan da suka tsira suka ƙarasa a makarantar Miller. Daga wannan tsatso Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Ba duk Isawa ne suka zama Kirista ba, kuma ban kawo labarin don tsokanar kowa ba. Na kawo shi ne don in nuna cewa waɗannan mutane masu karatu ne tun kafin su ga Bature. Abin da ya kai su Durumin Maigarke yunwar littafi ce.

Haka kuma ya kasance a yawancin ikilisiyoyin Arewa: ajin baftisma shi ne ajin koyon karatu. Manomi ya yini a gona, da dare ya zauna gaban fitila yana haɗa baƙi da wasali don ya iya karanta Markus da kansa. Kakanninmu da yawa ba su taɓa karanta wani littafi ba sai wannan da Littafin Waƙoƙi.

Unguwa biyu, hali biyu

Sabon Gari layin dogo ne ya haife shi bayan da ya iso Zariya a 1911. Ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu suka zo da littattafansu, Yarabawa da nasu da ya kammala tun 1884, Ibo da nasu na 1913. Daga baya mutanen kudancin Kaduna da Filato da Binuwai suka cika unguwar, su kuma da yawansu Hausa ce harshen sujadarsu. A nan babbar majami'ar Katolika ta Christ the King take, a nan kuma ta Angilikan ta St. Michael take. Samaru kuwa garin boko ne: gonar gwaji tun 1922, jami'a tun 1962, da Chapel of Redemption a cikin harabarta, da ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS wadda aka kafa a Gindiri a 1957.

Kowace unguwa da irin cikas ɗinta. Mutumin Sabon Gari lokaci ne ya yi masa ƙaranci. Ya buɗe shago tun da sassafe, bai rufe ba sai bayan magariba, saboda haka ya bar wa fasto karatun, shi nasa amin. Ɗalibin Samaru kuwa ya iya karatu har ya yi yawa. Yana karanta Romawa kamar yadda yake karanta takardun lacca, da Turanci, da sauri, yana neman abin da zai ja wa layi. Zai iya yi maka gardama a kan ƙaddara da zaɓi har tsakar dare, amma ka tambaye shi yaushe rabon da wata aya ta sa ya je ya nemi gafarar abokin ɗakinsa, sai ya yi shiru.

Me karatun yake yi wa ruhu?

Littafin da kansa ya nuna mana yadda ake karatunsa. A Nehemiya sura 8, Ezra ya karanta Attaura a dandali tun da safe har tsakar rana, Lawiyawa suna zagawa suna yi wa jama'a fashin baƙi, mutane suka fashe da kuka da suka gane, sannan aka sallame su su je su ci su sha su aika wa marasa shi. A Ayyukan Manzanni sura 8, wani babban ma'ajin sarauniyar Habasha yana karanta Ishaya a cikin karusarsa bai gane ba, sai da Filibus ya hau ya zauna kusa da shi. A sura 17 an yabi mutanen Biriya domin ba su haɗiye wa'azin Bulus haka nan ba, kullum sai sun koma sun duba ko haka yake a rubuce. A duk wuraren nan uku akwai dogon karatu, akwai abokin zama, akwai kuma abin da ya canja bayan an tashi.

Babban abin da bincike ke yi wa mai bi, a ganina, shi ne yana gyara masa yadda ya ɗauki Allah. Kowannenmu ya taso da wani hoto a ransa. Wani ya ɗauke shi kamar alƙali mai jiran a yi kuskure, wani kamar attajirin da ake yi wa fadanci a samu na cefane. Wa'azin minti arba'in a mako ba ya iya kankare wannan hoton, domin shekaru aka yi ana zana shi. Sai mutum ya zauna da Bishara guda daga farko har ƙarshe, ya ga da wa Yesu ya ci abinci, wa ya tsawata wa, a ina ya yi kuka, sannan tsohon hoton yake fara dusashewa.

Daga nan sai addu'a ta canja. Wanda ba ya karatu, addu'arsa jerin bukatu ce, kuma yakan gaji da ita. Wanda ya saba da Zabura 150 ɗin nan ya samu bakin magana da Allah a kowane hali: akwai ta murna, akwai ta tuba, akwai ta mutumin da ya ga kamar an manta da shi, har da ta wanda fushi ya cika masa ciki. Na daɗe ina mamakin yadda muke ɓoye wa sababbin masu bi waɗannan zaburoyin kuka, alhali su ne suka fi kama da rayuwar mai ɗaki ɗaya a unguwar Hayin Dogo.

Akwai kuma kariya. Zariya ba ta rasa masu sayar da mai da ruwa da ƙyalle da sunan annabci ba, kuma kowannensu da ayar da yake riƙe da ita. Ba a gane jabun kuɗi sai an saba da na gaske. Matar da ta karanta labarin Siman mai sihiri, wanda ya so ya sayi baiwar Ruhu Mai Tsarki da kuɗi Bitrus ya tsawata masa, da wuya a karɓe mata jarin tallarta a ce za a saya mata albarka.

Aya tsinke da aya cikin gidanta

A nan nake so in ɗan daɗe, domin a nan ciwon yake. Littattafai 66 da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ko 73 a lissafin 'yan'uwanmu Katolika, ba a rubuta su da lambobi ba. Stephen Langton ne ya raba su sura-sura a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya sa su a 1551. An yi haka ne don sauƙin nema. Mu kuma muka mayar da lambobin wuƙa, muna yanko aya ɗaya mu liƙa a bayan Keke Napep, ko mu tura wa juna a WhatsApp da asuba. Ban ce laifi ne ba. Amma aya idan aka raba ta da gidanta takan koma laya, a rataya ta don tsari ba don a ji abin da take cewa ba. Na san gidajen da ake buɗe Zabura 91 a ajiye a ƙarƙashin matashin jariri, shekara ta zagayo ba wanda ya karanta ta.

Ga misali. Lokacin jarrabawa a Samaru ba ayar da ta kai Filibiyawa 4:13 farin jini. Ɗalibai sun ɗauke ta alkawarin cin jarrabawa. Amma wanda ya karanta surar duka zai ga Bulus a kurkuku yake, yana magana ne a kan yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Ɗalibin da ya riƙe ayar a tsinke, ran da sakamako ya fito ya faɗi, sai ya ce Allah ya yaudare shi. Wanda ya san gidanta kuwa, a ranar ce ma take yi masa amfani.

Misali na biyu ya fi shafar Sabon Gari. Irmiya 29:11, mai maganar kyakkyawan shirin Allah, tana kan kalanda da katin biki ko'ina. Wasiƙa ce annabin ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila. A cikinta ya gaya musu zaman zai kai shekara 70, don haka su gina gidaje, su shuka lambuna, su yi aure su aurar, su nemi alherin birnin da suke baƙunta su kuma yi masa addu'a, domin zaman lafiyarsu yana ɗaure da nasa. Ku duba wa ake gaya wa wannan. Unguwar da aka kafa ta don baƙi, inda jikan wanda ya zo da jirgin ƙasa har yau wani lokaci yakan ji kamar a bakin ƙofa yake, ina wasiƙar da ta fi wannan dacewa da ita? Mun ɗauki aya ɗaya mai daɗi mun bar umarnin da zai sa Kirista ya damu da magudanar ruwan layinsu, da makarantar gwamnatin unguwarsu, da lafiyar maƙwabcinsa Musulmi.

Ranar gwaji

Ba zan yi maganar ruhaniya a Zariya in tsallake ranakun baƙin ciki ba. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya iso nan, aka ƙone majami'u da dama. Ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012 bam ya tashi a Christ the King a Sabon Gari da kuma majami'ar ECWA a Wusasa, aka rasa rayuka. A ranar kuma, a wajen Kaduna, wasu matasa da ke amsa sunan Kirista suka tare hanya suka kashe mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Dole mu faɗi wannan ma, in dai gaskiya muka zo faɗa.

A irin wannan rana ba wanda yake da sukunin buɗe littafi. Abin da mutum ya riga ya tuƙa shi ne yake fitowa. Wanda ya yi shekaru yana zama da Huɗubar Kan Dutse da Romawa 12, inda aka hana mai bi ramuwa aka ce ya ciyar da maƙiyinsa in yana jin yunwa, yana da abin da zai riƙe hannunsa lokacin da jini ke tafasa. Ba na cewa abu ne mai sauƙi, na ga dattawan da suka yi ta rawar jiki suna hana 'ya'yansu fita. Amma sun hana su, kuma da suka buɗe baki, maganar Littafin ce ta fito, da Hausar 1932.

Harshe da zama tare

Wani abin da na lura da shi a Samaru shi ne kunyar karatu da Hausa. Yaron da aka haifa a gidan da ake addu'ar safe da Hausa, da ya shiga jami'a sai ya koma Turanci, har da irin tsohon Turancin fassarar King James ta 1611 wanda Baturen yau ma sai ya yi da gaske. Turanci ba abin ƙi ba ne, da shi ɗan Ibo da ɗan Bajju suke haɗuwa a aji ɗaya. Amma kalmar da ta shiga ta harshen makaranta sau da yawa a ƙwaƙwalwa take tsayawa. Ka ce wa Bahaushe alheri, ko jinƙai, ko tuba, ko amana, ka taɓo abin da ya sha a nono. Shawarata ga ɗalibai ita ce su ajiye fassara biyu gefe da gefe, inda suka saɓa kuma a nan binciken yake farawa.

A kan zama tare kuwa, muna da abin koyi a maƙwabta. Duk wanda ya ratsa cikin birnin Zariya bayan sallar asuba ya ga magidanta zaune a zaure gaban malami, kowa da littafinsa, ana biyawa ana fassarawa, shekara da shekaru, ba jarrabawa ba takardar shaida. Suna da bita, suna da tilawa, suna da hadda. Kakanninmu na Gimi da Wusasa daga wannan tarbiyya suka fito, da ita suka karɓi Bishara. Mu ne muka sake ta. Cocin Katolika ma tun 1965, a taron Vatican na biyu, ya buɗe wa mabiyansa ƙofar karatun Littafin da harsunansu, daga baya kuma ya tsara karatun Lahadi a zagayen shekara uku. Ke nan ba wata ɗarika a cikinmu da take da uzuri.

Lissafin ma ba mai ban tsoro ba ne. Surori 1,189 ne a littattafai 66, 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo. Mai karanta uku zuwa huɗu a rana zai sauke a shekara. Sai dai ni ba sauka ce ta dame ni ba. Na fi son mutum ya yi wata uku a kan Markus ya fito da sabon hali, da ya sauke duka ya fito yadda ya shiga.

Abin da na gani a wani aji

Na taɓa jagorantar wani ƙaramin aji na 'yan Zumuntar Mata a Sabon Gari, ranar Talata da yamma bayan an tashi kasuwa. Yawancinsu masu sayar da kayan miya ne da hatsi. Muka ɗauki Markus, mai sura 16, muka ce sura ɗaya a mako. Ƙa'idarmu uku ce kawai: a karanta surar duka da murya sau biyu, kowa ta faɗi abin da ta ji da bakinta, sannan kafin a tashi kowa ta ambaci abu ɗaya da za ta yi kafin Talata mai zuwa. Ni ba na wa'azi, sai in an tambaye ni ma'anar kalma.

Akwai wata dattijuwa a cikinsu, kowa Mama yake ce mata. Littafinta ya tsufa har bangon ya rabu, ta ɗinke shi da zaren buhu, tana karatu da yatsa a kan layi, leɓɓanta suna motsi. Ran da muka kai sura 5, labarin matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini ta ƙarar da abin hannunta wajen masu magani, sai Mama ta ɗaga hannu a tsaya. Ta ce, “Malam, ashe bai bar ta ta sulale ta tafi ba. Ta riga ta warke, me ya sa ya tsaya nemanta cikin taron nan?” Na ce, “Mama, ke me kika gani?” Ta yi shiru, can ta ce, “Shekara goma sha biyu ba wanda ya kira ta da sunan kirki. So yake a ji ya ce mata 'yarsa a gaban mutane.” Na karanta sharhin malamai a kan wannan wuri ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin sa ya sauka a ƙirjina kamar ranar ba.

Da aka zo faɗin abin da za a yi, Mama ta ce akwai wata yarinya a layinsu da ta dawo daga asibiti da ciwon yoyon fitsari, mijin ya sake ta, mata ba sa zama kusa da ita a gidan suna. Ta ce za ta je ta ci abinci da ita a kwano ɗaya. Talatar da ta biyo baya tare suka zo ajin. Yarinyar ba ta iya karatu ba, sai wata ɗalibar jami'a da ke taya ni ta sa mata Markus na sauti da Hausa a wayarta, ta nuna mata inda za ta danna. Da muka gama sura 16 matan suka ce kada a tsaya, a shiga Ayyukan Manzanni, amma a dawo da lokacin ƙarfe biyar saboda masu rumfa a bakin tasha.